A faɗa wa mai jinya abin da zai biya, a kuma rubuta masa

Makon jiya gardama ta kaure a fadarmu ta bayan la'asar, nan Tawa a Nijar, tsakanin mutum biyu da na san ba sa ƙarya. Ɗaya ma'aikacin gwamnati ne. Ya ce tun ranar 1 ga Satumban 2024 an rage rabin kuɗin aikin asibitocin gwamnati, haihuwa ta zama kyauta, an soke jika 150, wato sefa dubu 150, da masu wankin ƙoda ke biya kafin a fara musu, to me kuma mutane suke so? Ɗayan tela ne, iyalinsa ba ta jima da sauka ba. Ya aje kofin shayi ya ce: "Yallaɓai, in kyauta ta, to ni wa ya amshi kuɗina? Keken ɗunki guda na saida kahin mu hito."

Aka ce ya nuna takardun abin da ya biya. Ya laluba aljihu ya fiddo wasu guntayen takardu da suka sha zufa. Biyu na farmasi ne, ɗaya rubutunta ya dusashe. Sauran kuɗin, in ji shi, hannu da hannu ya miƙa su cikin dare, wani a bakin ƙofa, wani a baranda. Bai san na mene ne ba, bai kuma tambaya ba, domin matarsa na ciki tana naƙuda.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne dukansu biyu gaskiya suka faɗa. Doka ta ce kyauta, kuma tela ya biya. Babu wanda zai iya nuna inda kuɗin suka bi, ko shi kansa mai kuɗin.

Ga ra'ayina tun da wuri. Duk wanda ya kawo maras lafiya asibitin gwamnati yana da haƙƙin a gaya masa, tun a bakin ƙofa kuma da harshen da yake ji, abin da yake kyauta, abin da zai biya, da ko nawa ne. Kowace dala da ta fita daga hannunsa a ba shi takardarta. Wanda aka kawo rai a hannun Allah a fara ceton ransa, lissafi ya biyo baya. In ba a yi haka ba, ko an sake rage kuɗin, talaka ba zai ji saukin a aljihunsa ba, kuma maganar asirans, wato inshora, ta lafiya ga kowa da kowa za ta tsaya a zauren taro a Yamai.

Ba yau aka fara alkawarin kyauta ba. Tun cikin shekarun 1990 aka kafa tsarin da maras lafiya ke biyan wani kaso na kuɗin magani. Zamanin Shugaba Tandja Mamadou aka ɗauke kuɗin tiyatar haihuwa a 2005, a 2006 aka ƙara da maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar, da awon ciki, da tsarin iyali. Ragin 2024 ya zo a kan waɗannan. Duk matakai ne masu kyau, ina cikin masu yaba su. Damuwata tana kan abin da ke faruwa tsakanin takardar doka da hannun mai jinya.

Yadda kuɗin ke fita

Na yi jinyar innata, Allah ya jiƙanta, na kuma raka maƙwabta. Wanda bai taɓa kwana kan tabarma a barandar asibiti ba, bai san cewa mai jinya ma'aikaci ne da ba a rubuta sunansa ba. Shi ne mai ɗebo ruwa, mai kawo abinci, mai wanke zane, mai riƙe ledar ƙarin ruwa idan babu wurin rataye ta. In ana son jini, shi zai zagaya dangi ya nemo mai bayarwa. Sannan shi ne baitulmali.

Kuɗin ba sa fita gaba ɗaya. Ka sayi tike, ka sayi karne, wato ɗan littafin ganin likita. Likita ya duba, ya rubuta gwajin jini, ka koma kes ka biya. Sakamako ya fito, a miƙo maka ordonans, wato takardar magani: ruwa leda biyu, sirinji, safar hannu, auduga, filasta, allura iri kaza. Ka je farmasin cikin asibiti a ce rabi babu. Ka fita gari, in dare ne ka hau kabu-kabu kana neman farmasin da ke gadi. Ka dawo kana haki, kafin ka zauna an canza ma'aikata, wanda ya karɓi aiki ya duba ya rubuta wata ordonans. Da safe a ce sai an yi hoto. In ciwon ya fi ƙarfin nan, a ce sai Yamai, fiye da kilomita 500, a kuma faɗa maka kuɗin man ambilans kana tsaye.

Ko sau ɗaya ba wanda ya zaunar da kai ya ce: wannan ciwo, in Allah ya sa ba a sami matsala ba, zai ci kusan kaza. Cinikin biri a sama kake yi daga farko har ƙarshe.

Mutane na ɗauka rashin sanin nan damuwa ce ta zuciya kawai. Ni na ga yana cin kuɗi tsagwaronsu. Matar da ta zo daga ƙauyen Bagga ko Kalfu da jika goma ƙulle a bakin zane, da ta san jinyar za ta kai jika arba'in, da ta kai ɗan akuyarta kasuwar Lahadi ta sayar da daraja. To ba ta sani ba. Sai tsakar dare kuɗi suka ƙare, ta aika gida a sayar da shi ga duk wanda ya taya, da rabin kuɗinsa. Ɗanta da ke Abijan ko Libiya, da an gaya masa jimilla tun farko, da ya aiko sau ɗaya. Yanzu kira uku ake yi masa, kowane aike da kuɗin cajinsa, har ya fara zargin ƴan gida suna ci da ciwon uwarsa. Na ga zumunci ya yi tsami a kan wannan.

Mafi muni shi ne abin da ke faruwa a gaban kantar farmasi. Mutum ya miƙa ordonans mai magani biyar, a buga masa lissafi, kuɗinsa ba su kai ba. Sai ya ce a ba shi na jika uku. Wanne za a bari? Shi bai san wanne ne ke kashe cutar ba, wanne ne na ƙarin kuzari kawai. Sau da yawa mai tsadar ake bari, kuma sau da yawa shi ne maganin. Da likita ya ɗan sa alama a gefen wanda ba makawa sai an saya, ko ya rubuta sunan jenerik maimakon sunan kamfani, da an tsira da rai da kuɗi. Paracetamol da Doliprane abu ɗaya ne a cikin ciki, amma ba kuɗi ɗaya ba ne a kanta, kuma mutum nawa ne aka taɓa gaya wa haka?

Wanda ya sha wannan sau ɗaya, in yaro ya yi zazzaɓi da damina, ba ya saurin zuwa asibiti. Mai tallar ƙwayoyi a tire yana faɗa masa kuɗi kafin ya miƙa hannu, shi ya sa yake fara zuwa can. Sai yaro ya fara sanƙarewa ko jininsa ya ƙare a kwaso shi. A takarda maganin yaron nan kyauta ne tun 2006. Tsoron abin da ba a sani ba ne ya hana uban zuwa da wuri.

"Ai akwai takardar farashi a manne, mutanenku ne ba su iya karatu ba"

Wani abokina ma'aikacin lafiya ya faɗa mini haka, kuma gaskiya ne a wasu wurare akwai ta. Na tsaya gaban irinta. Takarda ce da Faransanci, ƙananan baƙaƙe, rana ta cinye rabinta, cike da gajerun sunaye irin su NFS da GE da TDR. Ni da na yi boko sai da na tambaya. Wannan an manna ta ne don mai bincike daga ma'aikatar lafiya ya gani, ba don inna daga ƙauye ba.

Tun watan Maris na 2025 kundin ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. To a fara da bangon asibiti. A rubuta da manyan baƙaƙe, da boko da ajami, a ƙara da Tamashek da Fulatanci da Zabarmanci inda ake bukata. Wanda bai iya boko ba, sau da yawa ya yi allo. Wanda bai yi ko ɗaya ba, wayar salula ta koya masa lambobi, kuma ba a rasa ɗan makaranta a cikin masu rakiya.

Akwai ma wani ruɗani da ba a kula da shi. A takarda ana rubuta kuɗi da sefa, mu kuma da dala muke ƙirga. Abin da aka rubuta 500, a bakinmu dala ɗari ne. In ma'aikaci ya karanta lambar kamar yadda take ya ce "ɗari biyar", tsohuwa za ta ƙirgo 2.500 ta miƙa. Mai tsoron Allah zai mayar mata da sauran. To me ya sa za a bar ta ga tsoron Allahn wanda ta tarar? A rubuta duka biyun, lamba da yadda ake faɗa a kasuwa.

Sannan ga gidajen rediyo, na gwamnati da na al'umma, da ake saurare har a gona. Ana sanar da ɗaurin aure da rasuwa kowace rana. A sanar da farashin asibiti da jerin abin da yake kyauta, sau ɗaya a mako ma ya isa a haddace.

"Kana shafa wa ma'aikatan lafiya baƙin jini"

Wannan ita ce maganar da na fi ɗauka da nauyi, domin na ga abin da suke sha. Na ga ungozoma ɗaya tana kula da mata uku masu naƙuda, wuta ta ɗauke, tana aiki da fitilar waya a baki. Na ga anfarme da ya cire kuɗi daga aljihunsa ya saya wa marayan da aka kawo allura. Akwai masu aikin sa-kai da suka yi shekaru ba albashi suna jiran a ɗauke su. Ba zan tsaya in ce waɗannan ɓarayi ne ba.

Dole kuma a faɗi daga inda tsagar ta fara. Kyauta ba ta nufin ba wanda ke biya. Gidan likita yana yi wa yaro magani, ya rubuta takardar kuɗi ya aika, gwamnati ta mayar masa. Shekara da shekaru wannan mayarwa tana makara, bashi ya taru har biliyoyin sefa. Masu bincike na LASDEL, cibiyar nazarin zamantakewa da ke Yamai, sun daɗe suna nuna haka. In ba a mayar da kuɗi ba, ba a sake sayen magani, kanta ta bushe. Kanta in ta bushe, ma'aikaci ba shi da abin yi sai ya rubuta ordonans ya ce a je waje. A 2021 aka kafa hukumar taimakon jinya ta ƙasa, wato INAM, domin ta riƙe wannan biyan. Aikinta shi ne ginshiƙin komai: in ta biya a kan kari, kyauta ta tabbata, in ta makara, kyauta ta koma ganin likita kawai ba magani. Rufe iyaka da takunkumin da suka biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023 sun ƙara tsananta ƙarancin magani, wannan ma kowa ya shaida.

To amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Inda aka saba cewa "babu, je ka sayo", nan ne mai son zuciya ke fiddo magani daga aljihun rigar aiki ya ce ga shi, kawo kaza. Wa zai bambance maganin da ya saya da kuɗinsa da wanda ya ɗauko daga kanta? Mai jinya ba zai iya ba. Shi ya sa yake zargin kowa, har da wadda ta kwana tsaye a kan matarsa.

Takarda ita ce ke wanke mai gaskiya. In maganin kyauta ya ƙare, a rubuta a jikin ordonans cewa ya ƙare, a sa hannu, a buga hatimi. Mai jinya ya san ba cutarsa aka yi ba. Shugaban gundumar lafiya kuma ya ga sau nawa aka rubuta "babu" a wata, ya sami abin da zai kai gaba da shi. Ma'aikacin kirki ba abin da zai rasa a nan.

Kunya da tsoro

Wani dattijo a fadar ya ce da ni: "Ɗana, mutum na kwance ba ka san ko shi tashi ba, kai kana tambayar resi? Ba a haka." Na fahimce shi. A tarbiyyarmu, ƙididdige kuɗi a kan maras lafiya kamar rowa ce, kamar ka fi son dukiya da uwarka. Bayan kunya kuma akwai tsoro, wanda ya fi ta ƙarfi: in na tambaya, za a ɗaure mini fuska, a bar maras lafiyata sai an gama da kowa. Ko hakan na faruwa ko ba ya faruwa, tsoron kansa ya isa ya rufe bakin mutum.

Game da kunya, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ta hana a ƙosa da rubuta shi, ƙarami ne ko babba. Addinin da ya koya mana haka bai ɗauki rubuta kuɗi rashin mutunci ba. Kuma mafi yawan kuɗin jinya ba na mai jinya ba ne shi kaɗai. Gudummawar dangi ce, da rance, da abin da ƴan bida suka aiko. Amana ce a hannunsa, za a tambaye shi.

Game da tsoro, amsata ita ce kada a ɗora nauyin a kan mai rauni. Ba daidai ba ne a ce wa mutumin da ɗansa ke suma ya tsaya ya yi jayayya da mai allura. Tsarin ne ya kamata ya hana kuɗi shiga ɗakin jinya gaba ɗaya. Kes ɗaya, a buɗe dare da rana, mai bayar da resi ko ba a tambaya ba. A rubuta a ƙofar kowane ɗaki cewa ba a karɓar kuɗi a nan. A sa lambar waya da za a kira, wadda ake ɗauka. Gidajen likita na unguwanni da ƙauyuka suna da kwamitin kula da kuɗi, wato COGES, wanda mutanen gari ke ciki. Yawancinmu ba mu san ko su wane ne wakilanmu ba. A manna sunayensu, su kuma riƙa karanta lissafin wata a bainar jama'a.

Asibitoci masu zaman kansu ma ba a bar su a baya ba. Wanda ya zaɓi zuwa can ya san zai biya da yawa, amma a ba shi ƙiyasi a rubuce kafin a shiga da shi ɗakin tiyata, ranar sallama kuma a ba shi lissafi dalla-dalla, ba dunƙulalliyar lamba ba.

"In an yi magani kafin biya, guduwa za su yi"

Wasu za su gudu, ba na musu. Ana samun masu sulalewa da dare da maras lafiya a kafaɗa. Amma a tambayi me ya sa. Mafi yawansu ba mayaudara ba ne, mutane ne da kuɗi suka ƙare musu, ba su san nawa ya rage ba, ba kuma wanda ya ce musu akwai wata ƙofa.

Ƙofar kuwa tana nan. Manyan asibitoci suna da ofishin taimakon marasa hali, kuma ana karɓar takardar shaidar rashin hali daga ofishin magajin gari. Sai dai ciwo ba ya jiran ranar aiki. Haɗarin babur yana faruwa daren Asabar, ofis sai Litinin. Mai jinya da ya zo daga wata karamar hukuma kuma sai ya bar maras lafiya ya koma can neman sa hannu. Wanda ya fi bukatar takardar shi ne wanda bai taɓa jin labarinta ba.

Abin da nake nema ba ya wuce kabad ɗaya a sashen gaggawa, cike da kayan awoyin farko: ruwa, safar hannu, zaren ɗinki, maganin tsayar da jini, allurar zazzaɓi mai tsanani. A yi aiki da su, a rubuta, in gari ya waye a zauna da dangi. Mai hali ya biya, mai ƙaramin ƙarfi a yanka masa ya biya sannu a hankali, wanda ba shi da komai asusun marasa hali ya ɗauka. Mu nan kowa yana da mai unguwa ko hakimi da ya san gidansu. Asarar da za a yi ta ledar ruwa ce. Asarar da ake yi yanzu ta mutum ce da ke zubar da jini a kan benci, ɗan'uwansa yana buga waya yana neman jika biyar.

Attajiranmu na Adar da ke gina masallatai da raba hatsi da azumi, Allah ya saka musu. Da wani kaso na zakka zai shiga irin wannan asusu, da an ga amfaninsa a kowane dare. Amma ba mai zuba dukiyarsa inda ba lissafi, kuma ba zan ga laifinsa ba.

To asirans fa?

Kaɗan ne ƙwarai ke da ita a Nijar. Ma'aikacin gwamnati ana ɗaukar masa kashi 80 cikin 100 na kuɗin kwanciya da gwaje-gwaje a asibitin gwamnati. Sojoji da ma'aikatan wasu manyan kamfanoni suna da asusunsu na taimakon juna. Ma'aikatan bankuna da ƙungiyoyi suna da katin kamfanonin asirans. Manomi, makiyayi, tela, mai kabu-kabu, mai tuyar ƙosai, su ne mafi yawan ƙasar, kuma su aljihunsu ne kawai. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana nuna cewa kashi 40 cikin 100 ko fiye na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan daga hannun iyalai suke fita kai tsaye.

Har masu katin ma ba su huta ba. Na raka wani malamin makaranta yana yawon neman takardar ɗaukar nauyi daga ofis zuwa ofis, matarsa na kwance. Da ya samo, sai aka ce ba ta shafi maganin da za a saya a waje ba. Ba wanda ya gaya masa haka tun farko.

Wasu na cewa tara kuɗi don ciwon da bai zo ba kiran ciwo ne, ko rashin tawakkali. Wasu malamai kuma suna da ja a kan asirans ta kasuwanci saboda riba da rashin tabbas da ke cikinta, kuma maganarsu abar saurare ce. Amma taimakon juna daban yake. A cikin Bukhari da Muslim an ruwaito yadda Ash'ariyawa, mutanen wata ƙabila daga Yaman, in guzurinsu ya yi ƙaranci, suke tara abin da ke hannunsu a mayafi ɗaya su raba daidai, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabe su ya ce su nasa ne, shi ma nasu ne. A kan irin wannan malamai suka gina tsarin takaful, wato asirans ta taimakon juna a Musulunci.

Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Matanmu suna adashe tun kaka da kakanni. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da suka faro a jihar Maradi a 1991, sun bazu har wasu ƙasashe suna koyi da su, kuma da yawansu suna ware ɗan asusu na ciwo da haihuwa. A nan jiharmu, a gundumar Keita, an gwada ƙara dala ashirin a kan kowane zuwa likita, a tara a riƙa biyan man ambilans, don kada a tsayar da mace mai doguwar naƙuda ana neman kuɗin mai. Dala ashirin ba ta kai kuɗin shayin safe ba, amma da aka haɗa ta ɗauki mutane zuwa asibitin gunduma.

Me ya sa adashe ke daɗewa, ƙananan asusun lafiya da aka yi ta kafawa da yawansu suka mutu? A adashe kowace mace ta san nawa ta zuba, ta san ranar kwasarta, ana ƙirga kuɗi a gaban kowa. A asusun lafiya mutum yana zubi wata da watanni, ranar da ciwo ya zo ya nuna kati, a miƙo masa ordonans ya je waje ya saya kamar wanda bai taɓa zuba ko dala ba. Ba zai sake ba, kuma zai gaya wa duk garinsu.

Ruwanda ta shigar da mafi yawan mutanenta cikin asusun lafiya na al'umma, gwamnati na biya wa mafi talauci. Gana ta kafa nata tsarin a 2003, Mali tana da na ma'aikata da na marasa hali. Duk inda aka yi, sai da aka fara sanin kuɗin kowane aiki, domin asusu ba ya biyan abin da ba a rubuta ba. Wanda zai mayar maka da kuɗi resi zai nema. In rabin abin da mai jinya ke kashewa yana tafiya hannu da hannu a baranda, ko an ba shi kati gobe, rabin nan yana nan a wuyansa.

Shi ya sa nake ganin masu cewa a jira babban tsari daga Yamai sun sa abu a baibai. Allon farashi da Hausa, kes mai resi, hatimin "babu", da kabad na gaggawa, duk abubuwa ne da shugaban asibiti da magajin gari da kwamitin gari za su iya farawa a bana da abin da ke hannunsu. Abin da ya rage wa gwamnati shi ne nata bashin. Ina so in ga ranar da kowane gidan likita zai manna a bango, kusa da farashi, nawa yake bin gwamnati na maganin yara da na haihuwa, da watan da aka biya shi na ƙarshe.